RA'AYINMU: Dabbobin Da Aka Sauya Wa Halitta, A Yi Doka Tun Kafin Su Iso Kara

A ƙarshen watan Afrilun 2025, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince a yi kiwo kuma a ci naman wani irin alade da masana suka taɓa ƙwayoyin halittarsa domin kada wata cutar numfashi ta kama shi. Mai karatu da ke zaune a unguwar Hajara a nan Sabha, ko a Gatrun, Dirku, Agadas ko Maigatari, yana iya cewa ina ruwan biri da gada, tunda ba mu kiwon alade, ba mu kuma cin namansa. Wannan gaskiya ne. To amma dabarar da aka yi wa aladen ita ce aka riga aka yi wa shanu da kifi, ita ce kuma ake gwadawa a kan tumaki da awaki da kaji, waɗanda su ne jarinmu, su ne kuma abincin iyalanmu. Saboda haka muke ganin lokaci ya yi da za a yi wannan magana a fili, da harshen da fatake da dillalai da mahauta ke ji.

Da farko ya kamata a san abin da ake nufi. Kowace dabba tana ɗauke da wasu ƙwayoyin gado a jikinta, waɗanda ta samo daga uwa da uba, su ne ke sa ta yi ƙaho ko ta rasa, ta yi nono da yawa ko kaɗan, ta jure ƙishirwa ko ta kasa. Makiyayanmu sun daɗe suna aiki da wannan ilmi ba tare da sun shiga aji ba. Ta hanyar zaɓen bijimi da rago da bunsuru na kirki aka samu shanun Azawak da Bunaji da Bokolo da Rahaji, da tumakin Balami da Uda, da jar akuyar Maraɗi da Sakkwato wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai. Sai dai wannan aiki ne na kaka da kakanni. Abin da ya zo sabo shi ne yanzu ana yin sa a ɗakin bincike cikin haihuwa ɗaya, ta hanyoyi biyu. Ko dai a ɗauko ƙwayar gado daga wata halitta daban a dasa a jikin dabbar, ko kuma a gyara tata ƙwayar ta asali, a cire wani abu ko a sauya shi, musamman da dabarar nan da ake kira CRISPR wadda ta bayyana a shekarar 2012.

Har yanzu irin waɗannan dabbobi da aka yarda a ci ba su da yawa a duniya. Na farko shi ne wani kifin salmon da kamfanin AquaBounty ya dasa wa ƙwayoyin gadon wasu kifaye biyu domin ya girma cikin kusan rabin lokacin da ya saba. Sai da aka yi kimanin shekara 20 ana bincike kafin Amurka ta amince da shi a 2015, amma duk da haka a watan Disambar 2024 kamfanin ya daina kiwon kifin. A 2021 ƙasar Japan ta bari a sayar da wasu kifaye iri biyu da aka gyara domin su ƙara tsoka ko saurin girma. A watan Maris na 2022 kuma hukumar FDA ta ce ba ta ga haɗarin a zo a gani ba a cin naman wasu shanu da aka gyara domin su yi gajeren gashi mai santsi, wanda ke taimaka musu jure zafin rana. Ko a nahiyarmu ta Afirka, cibiyar binciken dabbobi ta ILRI da ke Nairobi ta yi shekaru tana neman hanyar samar da shanun da sammore ba zai kayar da su ba.

Babu mai hankalin da zai raina irin wannan aiki. Duk wanda ya taɓa asarar garke saboda sammore, ko ya ga yadda shanun Turai masu tsada ke lalacewa da zarar bazara ta kama, ya san darajar saniyar da za ta jure zafi da cuta ta kuma ba da nono. Mu a wannan jarida ba mu cikin masu cewa duk abin da ya fito daga ɗakin bincike guba ne. Abin da muke cewa shi ne masana su ma 'yan Adam ne, suna kuskure, kuma akwai misalin da ya isa ya zama darasi. A shekarar 2015 wani kamfanin Amurka mai suna Recombinetics ya samar da 'yan maruƙa marasa ƙaho, ya kuma yi ta shelar cewa babu wani baƙon abu a jikinsu. Har hukumomin Brazil sun yarda a ɗauke su kamar sauran shanu, ana shirin kafa garke a can. Sai a 2019 masanan FDA, da suka sake duba bayanan, suka gano cewa wani guntun ƙwayar gadon ƙwayoyin cuta, wanda aka yi amfani da shi wajen aikin, ya maƙale a jikin bijimin, yana ɗauke da abin da ke hana wasu magunguna aiki. Ba a nuna cewa wani mutum ya cutu ba, amma dole aka watsar da shirin na Brazil. Abin lura a nan shi ne kamfanin bai gano kuskurensa da kansa ba, sai da wata hukuma mai zaman kanta ta duba.

Matsalar ita ce ƙasashen duniya ba su haɗu a kan doka ɗaya ba. Amurka tana sa hukumar FDA ta duba kowace dabbar da aka sauya kafin a sake ta. Ajantina tun 2015, da Brazil tun 2018, suna bin wata hanya daban: idan ba a dasa ƙwayar wata halitta ba, gyara kawai aka yi, ana iya ɗaukar dabbar tamkar wadda aka haifa a ruga. A Japan ma sanar da hukuma kawai ake yi, ba a tilasta wa mai kaya ya rubuta a jikin kwali ba. Ma'anar wannan ita ce dabbar da wata ƙasa ke kira sabuwar halitta, wata ƙasar tana kiran ta saniya kawai, kuma namanta zai iya shiga jirgin ruwa ba tare da wata alama ba. Bugu da ƙari, idan gyaran ya yi daidai da abin da ake samu a wasu dabbobi tun asali, kamar gajeren gashin nan da shanun Senepol ke da shi, to ko ɗakin gwaji zai sha wuya kafin ya bambance wadda aka gyara da wadda aka haifa haka. Abin da ya rage kawai shi ne takarda da amana.

A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Kamar yadda kowa ya sani, Libiya tana sayen kaso mai yawa na naman da take ci daga waje. Kajin ƙanƙara na zuwa daga Brazil da Turkiyya, shanu da tumaki masu rai na sauka a tashoshin jiragen ruwan arewa daga ƙasashen Turai, sannan daga kudu raƙuma da tumaki na shigowa daga Nijar da Chadi, wasu a mota wasu a ƙafa. Kayan abinci kuma suna bin hanyar Gatrun da Tummo da Madama da Dirku su gangara Agadas. A ɓangaren Najeriya, ana shigo da shanun madara da maniyyin bijimai daga waje domin inganta iri, kuma a watan Nuwamban 2024 gwamnati ta sa hannu a kan wata yarjejeniya da kamfanin nama na JBS na ƙasar Brazil. Don haka ranar da irin waɗannan dabbobi za su iso yankinmu, da wuya su fara isowa da ƙafafunsu. Za su zo ne a cikin kwalin nama, ko a cikin tulun ƙanƙarar mai yi wa shanu baye ta allura, kuma bayan shekara biyu ko uku 'ya'yansu za su tsaya a kara kamar kowace dabba.

To, cinikinmu gaba ɗaya a kan ido da hannu aka gina shi. Dillali yana buɗe bakin rago ya ƙirga haƙora, ya taɓa gadon baya, ya duba kofato, ya karanta lalas ɗin da ke wuyan raƙumi ya faɗi daga inda ya fito. Wannan ƙwarewa ce ta gaske, amma ba ta ganin abin da ke cikin jini. Idan babu takarda, saye da sayarwar irin wannan dabba zai zama cinikin biri a sama, kuma idan wata rana wata ƙasa ta ce ba ta son irin, ba kamfanin da ke Amurka ko Brazil za a tare a kan iyaka ba, ɗan kasuwarmu za a tare da kayansa.

Libiya ta fi kowa sanin abin da ke iya shigowa tare da dabba. A shekarar 1988 aka gano a yankin Turabulus wani ƙuda da ba a taɓa gani a wajen nahiyar Amurka ba, wanda ke yin ƙwai a cikin rauni, tsutsarsa ta riƙa cin naman dabba tana da rai. Ana kyautata zaton ya shigo ne da dabbobin da aka sayo daga Kudancin Amurka. A shekarar 1990 kaɗai an ƙirga dabbobi fiye da 12,000 da suka kamu, kuma hankalin duniya ya tashi domin da ya tsallaka Sahara, da babu mai iya tsayar da shi. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta jagoranci aikin: ana ɗauko ƙudajen da aka dakushe wa haihuwa daga Meziko a jirgin sama, har kimanin miliyan 40 a kowane mako, ana sakin su daga watan Disambar 1990 zuwa Oktoban 1991, tare da kafa shingayen duba dabbobi a kan hanyoyi. A 1992 aka bayyana cewa ƙasar ta rabu da shi. Darasi biyu ke cikin wannan labari. Kimiyya ce ta ceci dukiyar makiyayan Afirka, kuma sakaci a bakin ƙofa ne ya jawo aikin tun farko. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sauran misalan duk mun gan su da idonmu. A watan Fabrairun 2006 murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gonar kaji a Jaji ta Jihar Kaduna, kafin watan ya ƙare ta isa Magariya a Nijar, kuma masu sayar da kaji da ƙwai da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, suka tafka asara. A 2016 zazzaɓin kwarin Rift ya kashe mutane fiye da 30 a yankunan Cintabaradan da Tasara na jihar Tawa, a farkon 2020 kuma aka ba da rahotonsa a Kufra. A 2024 ciwon baki da kofato ya yi ɓarna a garkunan Misrata, aka rufe kasuwannin dabbobi a wurare da dama. Mafi girman darasi shi ne na Somaliya: a shekarar 2000 Saudiyya ta hana shigo da dabbobi daga ƙasashen ƙahon Afirka saboda wannan zazzaɓi na Rift, kuma ba ta ɗage wa Somaliya takunkumin ba sai 2009. Shekara 9 ke nan babbar kasuwarsu tana rufe, domin ba su da hanyar nuna wa mai saye wace dabba ce lafiyayya, daga ina kuma ta fito. Ƙasar da ba ta iya bin sawun dabbar da ke tari da zazzaɓi, yaya za ta bi sawun wadda ba ta nuna alamar komai?

A kan takarda, akwai dokoki. Najeriya da Nijar da Libiya da Chadi duk sun shiga Yarjejeniyar Kartahena, wadda ta fara aiki a watan Satumban 2003, kuma ta ba kowace ƙasa haƙƙin a sanar da ita, a kuma nemi yardarta, kafin a shigo mata da halitta mai rai da aka sauya domin a sake ta a cikin ƙasa. Najeriya ta kafa hukumar NBMA a 2015, ta faɗaɗa dokarta a 2019 domin ta haɗa da sabuwar dabarar gyara, kuma a ƙarƙashinta ne aka saki waken SAMPEA 20-T na cibiyar binciken aikin gona da ke Samaru, Zariya, a 2019, da masarar TELA a 2024. Nijar ma ta yi tata dokar a 2019. Sai dai akwai giɓi guda uku. Yarjejeniyar Kartahena ta shafi abu mai rai ne, ba ta shafi naman da aka yanka aka daskarar ba, wannan ya rage ga hukumomin abinci da ƙa'idar da hukumar Codex ta fitar a 2008. Na biyu, ƙwarewar da hukumominmu suka samu a kan tsirrai suka same ta, dabba kuwa tana tafiya da ƙafarta, tana shan ruwa a rijiya ɗaya da garken maƙwabci, tana barbara ba tare da neman izinin kowa ba. Na uku, babu wata inuwa ta doka da ta haɗa ƙasashen huɗu a kan zirga-zirgar dabbobi: Libiya da Chadi ba su taɓa zama cikin ECOWAS ba, Nijar ta fice a watan Janairun 2025, ita kuma Libiya har yanzu hukumomi biyu ke iko da sassanta.

Saboda haka muna kira ga hukumomin da abin ya shafa da su ɗauki matakai tun yanzu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Na farko, duk mai shigo da dabba mai rai, ko maniyyi, ko ɗan tayi daga waje, a wajabta masa ya bayyana a takardar likitan dabbobi ko an taɓa ƙwayoyin halittar irin, ko da kuwa ƙasar da ya sayo ba ta buƙaci haka ba. Layi ɗaya ne za a ƙara a takardar da dama ana cike ta, kuma ƙasar da ke saye tana da ikon gindaya sharaɗinta.

Na biyu, a rubuta a jikin kwalin nama da kaji da kifi ƙasar da suka fito, ranar yanka da ranar lalacewa, da kuma bayanin sauya halitta idan akwai, da Larabci da Faransanci da Hausa. Mai saye yana da haƙƙin sanin abin da zai kai wa iyalinsa, ya saya ko ya bari.

Na uku, a ba wa cibiyoyin da muke da su kuɗi da kayan aiki: cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, da ta kiwon dabbobi ta Shika, da ɗakin gwajin LABOCEL na Yamai, da cibiyar lafiyar dabbobi ta ƙasar Libiya, da tsangayar aikin gona ta Jami'ar Sabha. A kuma kafa wuraren killace dabbobi na gaskiya a manyan mashigai, masu ruwa da inuwa da likita, domin killacewar da babu ruwa babu abinci ita ke sa fatake su bi ta bayan gari.

Na huɗu, a kare irin gida. Wuraren kiwo irin na Tukunus, inda ake adana shanun Azawak, da cibiyar jar akuya ta Maraɗi, su ne rumbunmu. Kamfanonin da ke gyara dabbobi suna yi wa aikinsu rajistar mallaka, kuma ya zama dole doka ta fayyace cewa makiyayin da bijimin wani ya haye wa saniyarsa a bakin rijiya ba zai wayi gari ana bin sa bashi a kan ɗan maraƙinsa ba.

Na biyar, ƙasashen huɗu su zauna su amince da takarda ɗaya da kowane jami'in kwastan ko duwan zai karɓa. Akwai wuraren zaman: hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar da aka kafa a 1971, da ƙungiyar CEN-SAD da aka kafa a Turabulus a 1998, wadda dukkansu ke ciki. Muna kuma gargaɗi da babbar murya kada wannan takarda ta zama sabon shingen karɓar na goro. Dokar da ta ƙara wa ɗan kasuwa kuɗin hanya ba tare da ta ƙara masa kariya ba, fasa-ƙwauri kawai za ta haifar. Mun ga yadda sa hannu ɗaya ya dakatar da fitar da dabbobi daga Nijar a watan Mayun 2025, ana gab da Babbar Sallah, da yadda abin ya taɓa kasuwannin kan iyaka. A riƙa shawara da masu sana'a kafin a yanke hukunci a kan sana'arsu.

Game da halas da haram, wanda shi ne abin da mai saye zai fara tambaya, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1997, ta haramta kwafar halittar ɗan Adam, ta kuma halatta amfani da wannan ilmi a kan tsirrai da dabbobi matuƙar zai kawo amfani ya kuma kauce wa cutarwa a cikin iyakokin shari'a. To amma malami ba zai iya yin fatawa a kan abin da aka ɓoye masa ba. Idan an dasa wa dabba ƙwayar gadon wata halitta, dole a faɗi wace halitta ce. Wannan ma wani dalili ne na neman a rubuta.

Su ma 'yan kasuwa akwai nasu nauyin. Muna kira ga sarakunan fawa da na tike da shugabannin ƙungiyoyin fatake, daga Sabha har Illela da Jibiya da Mai'aduwa, su buɗe littafin rajista a kowace kara: sunan mai dabba, garin da ta fito, lalas ɗinta, da wanda ya saya. Littafi ne da alƙalami, ba ya buƙatar kwangila, kuma zai yi amfani wajen kama dabbar sata da bin sawun cuta tun kafin a zo maganar sauya halitta. Mai sayar da kajin ƙanƙara ya riƙe takardar wanda ya sayar masa, kada ya cire tambari, kada ya sake daskarar da kayan da suka narke a hanya. Haka kuma a guji yaɗa jita-jita. Ba kowace ƙatuwar kaza ce aka sauya wa halitta ba, kajin gidan gona da ke girma cikin mako 6 zaɓen iri ne da abinci suka mai da su haka. Ƙarya ɗaya a waya tana iya karya kasuwar mutane dubu, kuma wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Hanyar da ta haɗa Kano da Agadas da Fezzan ta yi ɗaruruwan shekaru tana ci, kuma abin da ya riƙe ta shi ne mai saye ya yarda da maganar mai sayarwa. Yanzu ga kaya na tafe waɗanda shi kansa mai sayarwar ba zai san abin da ke cikinsu ba sai an gaya masa. Haƙƙin gwamnatoci ne su tabbatar an gaya masa, kuma haƙƙinmu ne mu ci gaba da tambaya har sai an yi. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace, Ya kuma tsare mana dukiyoyinmu da lafiyarmu, amin.